Sule Lamido a kujeru uku: da wace za a auna shi?

Wani ɗalibi mazaunin Tudun Wadan Zariya ya aiko da wannan tambaya: "Malam, barka da aiki. Gardama ce ta sarƙe a majalisarmu. Wasu sun ce Alhaji Sule Lamido gogaggen ɗan diflomasiyya ne, wasu sun ce ai bai taɓa zama jakada ba, su da gwamna kawai suka san shi. Ni kuma na ji an ce har majalisar tarayya ya je tun zamanin Shagari. Don Allah a warware mana aikin da ya yi a kowace kujera, kuma da wace ya kamata a auna shi?"

Ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Kowane ɓangare a majalisarku yana riƙe da gefe ɗaya na gaskiya. Sule Lamido ya zauna a Majalisar Wakilai daga 1979 zuwa 1983, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1999 zuwa 2003, sannan ya yi gwamnan Jigawa daga 2007 zuwa 2015. Bai taɓa zama jakada a wata ƙasa ba, amma jakadun Nijeriya duka a ƙarƙashin ma'aikatarsa suka yi aiki na shekara huɗu. Idan ra'ayina kake nema, da kujerar gwamna za a auna shi, domin a nan ne kaɗai wuƙa da nama suka kasance a hannunsa. Sauran kujerun biyu za su nuna maka inda ya koyi siyasa da irin mutanen da ya bi, amma ba za su nuna maka abin da zai yi ba idan aka bar shi da ra'ayin kansa.

An haife shi ranar 30 ga Agusta 1948 a Bamaina, ƙasar Birnin Kudu, lokacin tana cikin lardin Kano. Ku mutanen Zariya kuna da rabo a tarihinsa, don a kwalejin Barewa ya yi sakandare a shekarun 1960, kafin ma a raɗa mata wannan suna a 1971. Makarantar da ta yaye Gowon da Murtala da Umaru Musa 'Yar'aduwa ba baƙuwar masu mulki ba ce. Abin da ya bambanta Lamido da yawancin 'yan ajinsa shi ne hanyar da ya bi bayan nan: bai shiga soja ba, bai hau matakan aikin gwamnati har ya zama babban sakatare ba, sai ya faɗa cikin jam'iyyar talakawa ta Malam Aminu Kano, wato PRP.

Maganar majalisa ba ta da tsawo. A zaɓen 1979 Majalisar Wakilai tana da kujeru 449, NPN, jam'iyyar Shagari, ta sami 168, PRP kuwa 49, kusan duka daga Kano da Kaduna. NPN ta ƙulla ƙawance da NPP, suka raba shugabancin majalisa a tsakaninsu, shi ya sa Edwin Ume-Ezeoke na NPP ya zama kakaki. To saurayi ɗan shekara 31 daga ƙaramar jam'iyyar adawa, yana zaune a Legas cikin mutum ɗari huɗu da ɗoriya, me zai iya? Zai yi magana, zai kaɗa ƙuri'a, zai koyi yadda ake ciniki tsakanin jam'iyyu. Ba zai juya akalar doka ba. Duk wanda ya ce maka a Majalisar Wakilai Lamido ya yi suna, ya ƙara gishiri.

Abin da ya gina shi a waɗannan shekaru rikicin cikin gida ne na PRP, kuma wannan rikici ya shafi jihar Kaduna kai tsaye. PRP ta ci gwamnoni biyu a 1979, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Dukansu sun soke haraji da jangali, abin da talakan Arewa ya daɗe yana kuka da shi tun zamanin En'e. Daga nan gwamnonin biyu suka fara halartar taron gwamnoni tara na jam'iyyun adawa, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. Shugabannin jam'iyya suka ce a daina, gwamnoni suka ƙi, a 1980 jam'iyya ta dare biyu: 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam Aminu, da 'yan Santsi da suka bi gwamnonin, suka kuma ɗora Michael Imoudu a shugabanci. Lamido ɗan Santsi ne, yaron Rimi na kusa. Ya ga yadda majalisar jihar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa har ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, gwamnan farko da aka taɓa tsigewa a Nijeriya. Ya ga tarzomar 10 ga Yuli 1981 a Kano, wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. Malaman jami'ar Ahmadu Bello ma ba a bar su a baya ba, don Dakta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi shi ya zama sakataren gwamnatin Kaduna a wancan lokaci. Matashin da ya tashi cikin wannan wuta ya koyi abu biyu: aƙida tana tara jama'a, amma wanda ya riƙe hatimin jam'iyya shi ke da ta cewa ranar zaɓe. Hukumar zaɓe ɓangaren Malam ta amince da shi, dole Rimi ya koma NPP a 1983, kuma Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi.

Ina ganin wannan darasi na biyu shi ne mabuɗin duk abin da Lamido ya yi daga baya. Kafin ya zama komai, mutumin jam'iyya ne. A jamhuriya ta uku ya kai matsayin sakataren SDP na ƙasa, Tony Anenih yana shugaba, a daidai lokacin da Abiola ya tsaya takara a zaɓen 12 ga Yuni 1993. Bayan Babangida ya soke zaɓen, shugabannin SDP sun yarda da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Shonekan, kuma har gobe akwai masu ganin wannan a matsayin juya wa Abiola baya. Shi yana da nasa bayani, masu sukarsa suna da nasu, ba kuwa zan ɓoye maka cewa tabo ne da ke binsa ba. Amma a 1998, lokacin da jam'iyyu biyar ke rige-rigen tsayar da Abacha, yana cikin 'yan siyasar Arewa 18 da suka rubuta wa Abacha cewa kada ya gaji kansa, rukunin da ya faɗaɗa ya zama mutum 34 ƙarƙashin Alex Ekwueme. An kama shi, an kama Rimi, ba su fito ba sai bayan rasuwar Abacha ranar 8 ga Yuni 1998. Daga wannan rukuni PDP ta fito. Ya tsaya takarar gwamnan Jigawa a 1999, Ibrahim Saminu Turaki na APP ya kayar da shi, sai Obasanjo ya ba shi ministan harkokin waje.

Yanzu ga gardamarku ta diflomasiyya. Akwai bambanci tsakanin mutum uku da ake cakuɗawa. Akwai ma'aikacin harkokin waje da ya shiga aikin tun yana ƙarami, ya zaga ofisoshin jakadanci har ya kai jakada. Akwai ɗan siyasa ko masani da shugaban ƙasa ya naɗa jakada, majalisar dattawa ta tantance shi. Akwai kuma minista, wanda ke saman su duka a tsarin aiki. Zazzau ta ba da misalin kowanne daga cikin biyun ƙarshe. Dakta Dalhatu Sarki Tafida ya wakilci Kaduna ta Arewa a majalisar dattawa daga 1999 zuwa 2007, ya yi shugaban masu rinjaye, sannan ya zama jakadan Nijeriya a Birtaniya daga 2008 zuwa 2015. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli jakada ne a Tailan kafin a naɗa shi sarki a 2020. Mahaifinsa, Magajin Garin Zazzau Nuhu Bamalli, shi ne ministan harkokin waje a ƙarshen jamhuriya ta farko. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar Ahmadu Bello, ya riƙe wannan ma'aikata daga 1979 zuwa 1983, Ibrahim Gambari ya bar koyarwa a jami'ar ya riƙe ta a 1984, haka Rilwanu Lukman haifaffen Zariya a 1989. Lamido yana cikin layin su Nuhu Bamalli da Ishaya Audu, ba na su Tafida ba. Wanda ya ce ba jakada ba ne ya faɗi daidai. Wanda ya ce saboda haka ba shi da alaƙa da diflomasiyya ya yi kuskure babba.

Ya karɓi ma'aikatar a lokacin da ake gudun Nijeriya a duniya. An dakatar da ita daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a Nuwamba 1995 bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokan gwagwarmayarsa takwas, ba a ɗage dakatarwar ba sai ranar 29 ga Mayu 1999 da aka rantsar da gwamnatin farar hula. Aikin shekara huɗun nan shi ne wanke sunan ƙasa, neman sassaucin bashi, da dawo da muryar Nijeriya a Afirka. A cikinsu ne shugaban Amurka Bill Clinton ya zo Abuja a Agusta 2000. A cikinsu aka rikiɗa tsohuwar ƙungiyar haɗin kan Afirka ta zama Tarayyar Afirka, daga taron Sirte a 1999, zuwa Lome a 2000, zuwa ƙaddamarwa a Durban a 2002. A cikinsu aka haifi NEPAD, shirin raya ƙasashen Afirka, a 2001. A Satumba 2001 aka yi taron Abuja kan rikicin gonakin Turawa a Zimbabuwe, inda ministocin ƙasashe renon Ingila suka zauna aka fitar da yarjejeniya, ko da yake ba ta yi ƙarko ba. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kuma kotun duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi, wanda ya zama mafi ɗacin labari a zamaninsa, duk da cewa ƙarar ta samo asali tun 1994, miƙa yankin kuma bai kammala ba sai 2008.

Akwai wani nauyi da ba a cika tunawa da shi ba. Daga Oktoba 1999 jihohin Arewa suka fara ƙaddamar da shari'a, hukuncin Safiya Husaini a Sakkwato da na Amina Lawal a Katsina suka cika jaridun Turai, rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke a Kaduna a Nuwamba 2002. Musulmi ɗan Arewa da ke riƙe da ma'aikatar harkokin waje a irin wannan lokaci yana tsaye ne tsakanin 'yan'uwansa na gida da ke sauraron kowace kalmarsa, da 'yan jaridar waje da ke neman ya la'anci abin da jama'arsa suka zaɓa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ina ganin ya cancanci a yaba masa yadda ya fita daga ciki ba tare da ya rasa gida ba.

Duk da haka ba zan auna shi da wannan kujera ba, ga kuma dalili. Tsarin mulkin 1999 ya danƙa ikon zartarwa ga shugaban ƙasa, minista wakilinsa ne da zai iya sauke shi da rana tsaka. Idan shugaban kuma Obasanjo ne, lamarin ya wuce haka. Mutum ne da ya taɓa mulkin ƙasar daga 1976 zuwa 1979, ya zama ɗaya daga cikin shugabanni biyu na tawagar dattawan da ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta tura Afirka ta Kudu a 1986, ya san shugabannin duniya fuska da fuska tun kafin Lamido ya shiga majalisa. Shi ke tafiya, shi ke buga waya, shi ke yanke shawara. Aikin minista shi ne ya share fage, ya riƙe ma'aikata, ya kare matsayin da aka riga aka ɗauka. Saboda haka nasarar NEPAD ba ta Lamido ba ce, asarar Bakassi ma ba tasa ba ce. Yafe bashin dala biliyan 18 da ƙungiyar masu ba da bashi ta Faris ta yi a 2005 ya zo ne bayan ya bar ofis da shekara biyu, kuma ma'aikatar kuɗi ce ta ja ragamarsa. Abin da ya samu a kujerar nan shi ne kusanci da Obasanjo, kusancin da ya nisanta shi da ubangidansa Rimi, wanda ya tsaya takarar fid da gwani da Obasanjo a 2003. Wannan kusanci ne kuma ya share masa hanyar Dutse a 2007.

Jigawa jiha ce da aka cire daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, mai ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar: Dutse, Haɗejia, Gumel, Kazaure da Ringim. Jama'arta manoma ne da makiyaya, kuɗin shigarta na cikin gida kaɗan ne, kusan komai daga asusun tarayya yake zuwa. Lokacin da ya hau, ma'aikatun gwamnati a warwatse suke cikin hedikwatocin masarautu, manyan ma'aikata da yawa kuma a Kano suke kwana. Ya tattaro gwamnati ya dawo da ita Dutse, ya gina sakatariya da gidajen ma'aikata da tituna, har garin ya ɗauki kamannin babban birnin jiha. Wanda bai san Dutse ta da ba zai raina wannan, amma gwamnatin da ba ta da mazauni guda ba ta iya duba kanta, balle talaka ya san ƙofar da zai buga.

Inda tarbiyyar PRP ta fi fitowa fili shi ne dokar alawus ga masu naƙasa da ya kawo tun farkon mulkinsa, naira 7,000 duk wata. Ka auna wannan da mafi ƙarancin albashi na ƙasa a lokacin, naira 5,500, kafin a ɗaga shi zuwa 18,000 a 2011. Ba sadakar salla ba ce da gwamna zai raba idan ya ga dama, haƙƙi ne da aka rubuta a doka, ana kuma yawan ambaton Jigawa a cikin jihohin farko da suka yi irin wannan. A 2008 ya kira taron talakawa a Dutse, aka zaunar da masu mulki suna sauraro, manoma da masu ƙananan sana'o'i suna bayyana halin da suke ciki. Wasu sun ɗauke shi wasan kwaikwayo. Ni ina ganin ko da rabinsa siyasa ce, gwamnan da ya yarda a faɗa masa talaucin jiharsa a bainar jama'a ya fi wanda ke ɓoye shi. A fannin lafiya an kafa tsarin Gunduma, wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manyan asibitocin yanki ƙarƙashin hukuma ɗaya. A fannin ilimi kwamishinarsa Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta yi aikin da ya kai ta ministar ilimi a 2010, sannan a 2013 aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda yau ke ɗauke da sunansa.

Akwai kuma abin suka, kuma tunda da wannan kujera muke auna shi, dole a ɗora masa. Filin jirgin sama na Dutse da aka buɗe a 2014 ya ci kuɗi masu yawa a jihar da mafi yawan mutanenta ba su taɓa hawa jirgi ba, ga filin jirgin Kano a kusa. Jigilar alhazai sau ɗaya a shekara ba ta isa hujja ba a wurina, da kuɗin sun tafi noman rani a fadamar Haɗejia da sun fi taɓa rayuwar talaka. Na biyu, bayan shekara takwas na gine-gine Jigawa ba ta fita daga sahun jihohin da suka fi talauci ba, don gini ba ya maye gurbin sana'a. Na uku, a Yuli 2015 hukumar EFCC ta gurfanar da shi da 'ya'yansa biyu bisa zargin halasta kuɗin haram. Sun musanta, shari'ar kuma ta shafe shekaru tana hawa da sauka tsakanin kotuna. Zargi ba hukunci ba ne, bai kuma halatta ka kira mutum ɓarawo a majalisa kan abin da kotu ba ta tabbatar ba. Amma almajirin Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983 ba tare da ya tara abin duniya ba, ana auna shi da ma'auni mai tsauri fiye da na sauran, kuma shi da kansa ya zaɓi wannan ma'auni duk lokacin da ya kira sunan Malam a kan mumbari.

Shawarar da ta fi bayyana halinsa ita ce ta 2013. Yana cikin gwamnonin PDP bakwai da suka fice daga babban taron jam'iyya a Abuja ranar 31 ga Agusta, suna adawa da yadda Jonathan da Bamanga Tukur ke tafiyar da ita. A Nuwamba biyar daga cikinsu, Kwankwaso da Wamakko da Nyako da Amaechi da Abdulfatah Ahmed, suka koma APC. Shi da Babangida Aliyu na Neja suka tsaya. Mutumin da a 1980 ya bijire wa shugabannin jam'iyya ya bi gwamnoni, ya kuma ga yadda ta ƙare musu a 1983, wannan karon ya ƙi barin gidan da yake ganin shi ya gina. Ya biya kuɗin wannan tsayuwa da tsada. Guguwar Buhari ta 2015 ta share PDP a Jigawa, Muhammad Badaru Abubakar, wanda Lamido ya kayar a 2011, ya doke ɗan takararsa Aminu Ibrahim Ringim. A zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a Fatakwal a Oktoba 2018 ƙuri'a 96 ya samu, Atiku ya tashi da 1,532. A 2023 ɗansa Mustapha ne ya riƙe tutar PDP a Jigawa, Umar Namadi ya kayar da shi. Tsayuwar tasa a PDP ina girmama ta, domin a ƙasar da gwamna ke sauya sheƙa tsakanin sallar azahar da la'asar, wanda ya zauna ya sha kaye yana da abin da zai nuna. Tsayar da ɗansa kuwa ban ga yadda zai dace da aƙidar gidan da ya fito ba, gidan da tun zamanin NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu, yake yaƙi da gadon mulki.